Nomau da Mai Amsa Biyu

Ku rage fitilar nan, ku matso. Wanda ya san dariya zai yi, ya tashi tun yanzu ya ba ni wuri. Wannan ba tatsuniya ba ce. Labarin Nomau ne mai yasar rijiya, mutumin Kwarin Giginya, da abin da ya same shi da rana tsaka.

Su biyu ne, shi da yayansa Jatau. Sana'ar ubansu suka gada. In rijiya ta cushe da laka, ruwa ya ja baya, su ake kira. Nomau ne mai shiga, don shi ne siriri. Jatau yana tsayawa a baki, yana jan wasaki in ya cika da laka, ya zubar, ya mayar.

Ubansu ya bar musu dokoki. Bai faɗa musu dalili ba, shi ma ba a faɗa masa ba. Ba a shiga sai an zura fitila an ga ba ta mutu ba. Rana ba ta yin tsaka da mutum a ciki. Na baki ba ya barin baki, ko gidansu ne ke cin wuta. Na ciki kuma ba ya magana da na waje, sai dai ya girgiza igiya. In ya ji an kira sunansa daga sama, ya yi shiru, don bai san wanda ya leƙo ba.

Wata shekara rani ya yi tsanani. Rijiyoyin gari suka ƙafe, mata suna wuni a kan tulu ɗaya. Dattawa suka ce a je a yashe Rijiyar Fatake. Tsohuwar rijiya ce a bayan gari, mai zurfi, an daina shan ta tun zamanin kakanni. Ba wanda ya tuna abin da ya sa aka daina. Ba kuma wanda ya tsaya tambaya, ƙishirwa ta hana.

Igiyoyinsu biyu ne a da, ɗaya ta ƙugun mai shiga, ɗaya ta wasaki. Gara ta cinye ɗaya a rumbu. Jatau ya ce a jira a tufka wata. Nomau ya ce, "Yaya, yara na kuka da ƙishi, kai kana zancen tufka? Ɗayar ta isa." Saboda haka in wasaki ya cika, sai Nomau ya kwance igiyar daga ƙugunsa ya ɗaura masa. In ta dawo ya mayar.

Suka yi kwanaki suna fid da laka. Ranar da abin zai faru, da hantsi, dagin Nomau ya daki wani abu. Ƙarfen ya yi ƙara, bakinsa ya lanƙwashe. Ya share lakar da hannu. Dutse ne baƙi ƙirin, girmansa kamar dutsen niƙa, jikinsa duk lotsattse kamar an danna yatsu a malmalar tuwo. Lakar wurin sanyi gare ta kamar ƙanƙara. Dutsen kuwa da ɗumi. Ya tura shi, bai motsa ba. Ya ƙyale shi ya ci gaba da haƙa a gefensa.

Can sai idon ruwa ya buɗe. Ruwa ya ɓulɓulo garai-garai, ya rufe masa yatsun ƙafa. Murna ta kama Nomau. Ya ce bari ya ƙara buɗe idon, bari ya ƙara cika wasaki ɗaya. Bai lura da hasken rana yana gangarowa a jikin bango ba, sai da ya ji shi a tsakiyar kansa.

A waje kuwa, jakinsu da ke ɗaure a gindin aduwa ya ɗaga kunne, ya kafa ido a wurin da babu kowa. Ya yi wani irin kuka, ya tsinke, ya nufi daji da kayansu a bayansa. Jatau ya naɗe igiya a gwafar bakin rijiya, ya ce a ransa yanzu zai dawo. Ya bi jaki. Na baki ya bar baki.

Nomau bai sani ba. Ya kwance igiya daga ƙugunsa, ya ɗaura wa wasaki, ya girgiza.

Wasakin ya tashi. Bai yi tangaɗi ba, bai gogi bango ba. Ya tafi sumul, da saurin da Jatau bai taɓa ja ba. Jim kaɗan igiya ta dawo, babu wasaki. Ta sauko, ta sauko, ta tsaya. Nomau ya miƙa hannu, ya yi ɗage. Bai kai ba.

"Nomau."

"Na'am, Yaya."

Ya amsa kafin ya tuna. Muryarsa ta daki bango ta dawo masa, na'am, na'am, yadda kowace murya ke yi a rijiya. Sai a lokacin ya gane. Muryar da ta kira shi ba ta dawo ba. Sau ɗaya ta fito, a bushe, kusa da kunnensa kamar mai maganar na tsaye a bayansa.

Ya ɗaga kai. Can sama, a ɗan da'irar haske, ga kai ya leƙo. Ba a ganin fuska. Amma wuyan ya yi tsawo. Kuma wani ƙauri ya fara saukowa, irin na gashin da aka babbake.

"Wane ne?" in ji Nomau. "Ina Yayana?"

"Ba wannan ce tambayar ba, ɗan Adam. Tun da ka amsa, wasa za mu yi."

"Bawan Allah, ruwa na tasowa. Sako mini igiya."

"Akwai wani abu na sama da na riƙe a raina. Ka canko shi. Kai ne mai tambaya, ni amsata biyu ce, ba na ƙari, ba na ƙarya. In na ce e, igiya ta sauko kamu ɗaya. In na ce a'a, ta hau kamu ɗaya."

Nomau ya buɗe baki zai yi addu'a. Ya nemi abin da ya sani tun yana yaro, ya rasa farkonsa. Harshensa ya yi nauyi. Ruwa ya wuce idon sawu. Ya san rijiya irin wannan in ta kawo, sai ta shanye tsayin mutum biyu. Shi kuwa ɗan tudu ne, bai iya iyo ba. Bangon ya sha gansakuka, babu wurin sa ƙafa.

Ya ce, "Rana ce?"

"A'a."

Igiya ta hau.

"Wata ne?"

"A'a."

Ta ƙara hawa. Nomau ya hau kan baƙin dutsen nan, don shi ne wuri mafi tudu.

"Tauraro ne?"

"E."

Ta sauko kaɗan, ta tsaya tana lilo. Nomau ya ji sanyi a ransa. Taurari ai ya san su, wa ya taso a ƙauye bai san su ba? Ya shiga jero su da sauri, kamar mai kiran awaki.

"Zara ce, mai bin wata?"

"A'a."

"Gamzaki, na asuba?"

"A'a."

"Kaza da 'ya'yanta?"

"A'a."

"Mai wutsiya ce? Irin wadda ta fito shekarar da sarkin ruwa ya rasu?"

"A'a."

Da ya duba, bakin igiyar ya yi nisa, ya koma kamar zare. Ruwa ya kai gwiwa, ko da yake a kan dutse yake. Kan nan na sama bai motsa ba. Ba ya ko numfashi.

Nomau ya rufe bakinsa da hannu don kada wani suna ya sake kuɓuce masa. Haƙoransa na haɗuwa. Ya ce wa kansa, wauta nake yi. In akuyar mutum ta ɓata, ba gida-gida yake bi yana kiran sunan masu gida ba. Tambaya yake yi, wa ya gan ta, yaushe, ta ina ta bi.

Ya ce a hankali, "Mutane sun sa masa suna?"

"A'a."

Ya runtse ido. Wannan ma ta ci masa kamu, amma ta rufe ƙofar sunaye.

"Ni na taɓa ganinsa?"

"E."

"Da idona?"

"E."

Igiya ta sauko sau biyu. Nomau ya ga hanya. Ya yi sauri ya ce, "Sama tana bisa ƙasa?" Yana so ya tara e na banza.

Ba a amsa ba. Igiyar ta tashi fiye da kamu, fiye da gaba guda. Ƙaurin ya cika rijiyar har ya sa shi tari.

"Kada ka sake," in ji muryar. "A kan abin za ka tambaya."

Bai sake ba. Ruwa ya taɓa ƙugunsa, sanyin ya shiga ƙashi.

"Da dare na gan shi?"

"A'a."

Tauraro, ba da dare ba? Ya taɓa jin tsofaffin masu yasa suna cewa daga ƙasan rijiya mai zurfi ana hango tauraro da rana. Ya kafa ido a ɗan da'irar nan, ya duba gefen kan, ya duba bayansa. Fari fat. Babu komai.

"Yau na gan shi?"

"E."

"Yanzu haka yana sama?"

"A'a."

Abin sama, kuma ba ya sama.

"Faɗowa ya yi?"

"E."

"Da kansa?"

"A'a."

Ku saurara da kyau, ku da kuke nuna tauraro da yatsa in ya yanko da dare kuna ihu. Ba abin wasa ba ne. Nomau bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya zauna a bayan sahu ya ji abin da malamai ke faɗa. Shaiɗanu suna hawa sama su laɓe, su saci maganar da ba tasu ba. In an gan su, sai a jefe su da wuta. Wannan yankowar da kuke gani, jifa ce.

Nomau ya ce, "Jifa aka yi da shi?"

Nomau ya ji ɓulɓular ruwa a ƙarƙashinsa.

"E."

"Kai aka jefa?"

"A'a."

"Ku biyu kuka hau?"

"E."

"Ya sami ɗayan?"

"E."

Igiya na saukowa, amma Nomau ya daina kallon ta. Ruwa ya kai ƙirjinsa. Duk jikinsa ya mutu da sanyi, ban da tafin ƙafarsa. Tafin ƙafarsa ɗumi yake ji. Ya tsaya cik, ya saurara da ƙafa. Dutsen ya ɗan taso, ya koma. Ya sake tasowa, ya koma. Kamar cikin mai barci.

Bai so ya yi tambayar ba. Amma ruwa bai jira shi ba.

"Yana cikin rijiyar nan?"

"E."

"Shi ne... shi ne wannan da nake tsaye a kai?"

"E."

Kan nan ya yi dariya. Ita ma dariyar ba ta dawo ba. Igiya ta zubo gaba ɗaya, ta faɗi a kafaɗar Nomau, da saura mai yawa yana yawo a kan ruwa.

Ga yadda abin yake. Jifar ta danne ɗan'uwan mai muryar nan, ta nutsa da shi cikin rijiyar, tun kafin a haifi kakan kakan Nomau. Shi ya sa mutanen wancan zamanin suka daina shan ruwanta. Na wajen ba ya iya taɓa dutsen, ƙona shi yake yi. Ba ya iya kiran sunansa, ba ya iya nuna shi. Sai ɗan Adam ya gane shi da kansa, ya ɗaure shi da hannunsa, da igiyar da mutum ya tufka. Shekara da shekaru yana jiran wanda zai shiga ya amsa kira.

"Ka canka," in ji muryar. "Yanzu nutsa ka ɗaure shi. In na fid da shi, sai in fid da kai."

Nomau ya riƙe igiyar da hannu biyu. Ruwa na lasar haɓarsa. Ya ce, "Wasan bai ƙare ba. Kai ka ce ba ka ƙarya."

Ya ci gaba da tambaya.

"Na ƙarƙashin nan, da ransa?"

"E."

"Yunwa yake ji?"

"E."

"In ya fito, zai bar mutanen garinmu?"

"A'a."

"Ni fa? In na ɗaure dutsen, zan ga waje?"

Ƙaurin ya yi ƙarfi. Wuyan nan ya ƙara tsawo, kan ya sauko cikin rijiyar har ya tare rabin hasken. Kalmar ta fito da ƙyar, kamar ana zare ta da ƙugiya.

"A'a."

Sannan ya daka tsawa. "Wasa ya ƙare! Ka ɗaure, ko ka sha ruwa. In ka mutu wani zai shigo ɗauko gawarka, shi ma zan kira sunansa."

Nomau ya san wanda zai shigo. Jatau ne.

Ya ja numfashi, ya nutsa. A ƙasa duhu ne. Ya dafa dutsen, ya ji wani abu kamar yatsu yana shafar wuyan hannunsa daga ƙarƙashi, a hankali, kamar mai lallashi. Ya fizge. Ya zagaya igiyar a ƙugunsa, ya bi da ita ta hammata, ya yi irin ƙullin da ubansu ya koya musu, wanda ba ya kwancewa sai da wuƙa. Ya taso, fuskarsa kawai a waje, ƙullin na ɓoye a cikin ruwa.

"Yanzu ni zan tambaya," in ji muryar. "Ka ɗaure?"

"E."

"Ya ɗauru tamau?"

"E."

"Abin da ke bakin igiyar nan, shi ne abin da ka canka?"

Nomau bai taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba tun da aka haife shi. Ya haɗiyi ruwa. Ya ce, "E."

Ya girgiza igiya.

Na saman ya shirya wa nauyin dutsen da ya danne aljani. Ya tattara duk ƙarfinsa ya fizga. Nomau kuwa siririn mutum ne. Ya tashi kamar an harba shi. Bango ya kwashe masa fatar kafaɗa da ta gwiwa, iska ta toshe masa kunne, haske ya mare shi. Ya wuce bakin rijiya, ya wuce gwafa, ya faɗo tim a kan tulin lakar da suka tara. Ba don lakar ba, da ƙashinsa ko ɗaya bai tsira ba.

Daga cikin rijiya wani kuka ya taso. Ba na mutum ba, ba na dabba ba. Ƙasa ta ɗauki rawa.

Nomau yana kwance, bai iya ɗaga kai ba. Ƙafafu kawai ya gani sun nufo shi. Dogaye, baƙaƙe, sun tsattsage kamar itacen da gobara ta ci. Duk inda suka taka sai ciyawa ta murmushe ta zama toka. Ba su da inuwa, shi ma mai su ba shi da ita.

Aka tsuguna a kansa.

"Tun da muka fara ban yi maka ƙarya ba," in ji muryar, a hankali. "Har wadda ta cuce ni na faɗa maka. Kai ka yi mini. Ranka ba a hannuna yake ba, tun da ka fito. Amma da kalma biyu na yi maka magana, ɗan Adam. Riƙe su. Sun ishe ka."

Yatsa ɗaya ya taɓa leɓensa. Sanyi ƙalau.

Da ya buɗe ido, Jatau ne a kansa, yana haki, ga jaki a bayansa jikinsa na ɓari.

"Nomau! Wa ya fid da kai? Me ya same ka?"

Nomau ya buɗe baki. Babu abin da ya fito.

"Kana ji na?"

"E."

"Lafiya kake?"

"A'a."

"To yi magana mana, don Allah! Ka ga ruwa? Ruwa ya kawo?"

"E."

Jatau ya yi hamdala, ya ɗauki guga ya nufi bakin rijiya. Nomau, da jini da laka, ya rarrafa ya kama ƙafarsa. Ya riƙe gam.

"A'a. A'a. A'a."

Bai saki ba sai da Jatau ya ajiye gugar. Sannan ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki dutse mafi girma da zai iya, ya jefa a ciki. Ya ɗauko wani. Mutanen gari suka zo da tuluna, suka tarar da shi yana cike rijiyar da ya sha wahalar yashewa. Suka ce ya haukace. Wasu suka zage shi, wata tsohuwa ta tofa masa yawu. Amma liman ya leƙa, ya shaƙi abin da ya shaƙa, ya ja da baya. Ya ce kowa ya ajiye tulu ya ɗauki dutse. Shekarar nan sai daga gari mai nisa aka riƙa ɗauko ruwa a kan jakuna, har damina ta sauka. An sha wuya. Ba a rasa rai ba.

Nomau bai sake furta kalma ta uku ba har ya bar duniya. An kai shi wurin malamai, an yi rubutu, an yi turare. Salla ma a zuci yake yin ta, leɓe na motsi babu sauti. 'Ya'yansa sun girma ba su taɓa jin ya kira sunansu ba.

Za ku ce to wa ya ba da labarin. Matarsa ce, Tasalla. Mace ce mai haƙuri, ba irin ku ba. In ta gama aiki sai ta zauna kusa da shi tana kaɗi, tana tambaya. "Maigida, mutum ne?" "A'a." "Ya taɓa ka?" "E." Yau ta sami kaɗan, gobe ta ɓata hanya ta dawo baya. Sai da furfura ta fito mata kafin ta haɗa shi duka. Ta ce ranar da ta kai ga ƙarshensa, ta tambaye shi, da a ce ya san abin da zai same shi, shin da ya ɗaure dutsen? Ya dube ta kamar ta zage shi. Ya ce a'a.

Wurin yana nan a bayan Kwarin Giginya, ɗan tudu ne yanzu, kusa da aduwa. Ciyawa ba ta fitowa a kansa ko da damina. Akuya ba ta hawa. Masu zuwa itace sun ce in rana ta take, wani lokaci akan ga mutum zaune a kai, dogo, ya juya baya. Ba ya kora, ba ya bin kowa. Sunanka kawai zai kira, da muryar wanda ka sani.

Saboda haka ba na son in ji an ce ɗayanku ya bi ta hanyar nan shi kaɗai da tsakar rana. In kuma tsautsayi ya kai ku, kuka ji an kira, kada ku waiwaya. In ya ce akwai abin da ya riƙe a ransa ku canka, kada ku ce e, kada ku ce a'a. Ku nemi tsarin Allah a zuci, ku ɗaga ƙafa.

Ku tashi ku kwanta. Wanda bai yi alwala ba ya je ya yi, kuma ya tafi da ɗan'uwansa.